Gonar dankalin 'yan SS2 a Jos: kundin aikin zango na uku

Wannan kundi na malaman 'yan aji biyu na babbar sakandare ne a wata makaranta da ke cikin garin Jos. Mun ware fili a bayan ɗakin gwaje-gwaje don noma dankalin Turawa a daminar nan, kuma kowane malami ya ɗauki nauyin kawo aƙalla darasi ɗaya daga manhajarsa zuwa bakin kunya. Dalilinmu shi ne yaro zai ci lissafin kaso a ajin Lissafi, bayan minti arba'in ya shiga ajin Kemistiri a yi masa tambayar nan da wasu kaya, ya tsaya yana kallon silin. Muna rubuta abin da aka yi, da adadin abin da aka zuba, da inda aka samu tangarɗa, don malaman wasu makarantu su ɗauki abin da zai amfane su.

28 ga Afrilu

An auna fili, mita 17 sau mita 13. A ciki an yanka yanki 12, kowanne mita 3 sau mita 3, da hanyar mita ɗaya tsakaninsu da kuma kewaye. Taki iri huɗu za a gwada: yanki babu taki, yanki da takin zamani NPK 15-15-15, yanki da kashin kaji, sai yanki da rabin wannan da rabin wancan. Kowane iri zai fito sau uku.

Filin yana da ɗan gangare, don haka an jera yankunan layi uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowane layi da dukkan takin huɗu a cikinsa. Wurin da kowane taki zai faɗa a layi kuwa, ƙuri'a aka yi da takardu a cikin hula. Da an bar wa yara zaɓi, da sun kai takin zamani inda ƙasa ta fi kyau, sai a rasa ko taki ne ya yi aiki ko ƙasa.

Kusurwa ta ba da wahala. Yara sun kafa turaka da ido, yankunan suka karkace. Malamin Lissafi ya kawo igiya mai mita 12, ya yi ƙulli a mita 3 da mita 7, aka haɗa bakunan biyu aka ja ta kusurwa uku: gefe 3, gefe 4, gefe 5. Ka'idar Fitagoras ke nan da suka yi tun ƙaramar sakandare. Bayan haka kowane rukuni ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta. Idan bai ba da mita 4.24 ba, a tuge turke a sake. A darasin Labarin Ƙasa an zana filin a kan ma'aunin 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya a ƙasa, da kibiyar arewa.

2 ga Mayu

Gwajin ƙasa. An ɗebo daga wurare goma cikin filin, zurfin santimita 20, aka cakuɗa, aka shanya a inuwa, aka tankaɗe. Giram 10 na ƙasa cikin mililita 25 na tataccen ruwan ɗakin gwaji, a girgiza, a bar shi rabin awa, sannan a tsoma takardar gwajin tsami. Launin ya faɗa tsakanin 5 da 6 a ma'aunin tsami na pH, wanda ƙasa da 7 a cikinsa tsami ne. Wannan ya yi wa dankali daidai, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta samo asali daga duwatsun Filato, ga ruwan sama mai yawa yana wanke ta kowace shekara. Rukuni biyu sun sami 7 saboda ruwan rijiyar burtsatse suka zuba, ashe ruwan suka gwada ba ƙasar ba. An sa su sun sake.

Wasu yara sun ba da shawarar a watsa toka don a rage tsami, kamar yadda littafin Noma ya ce. Ba za a watsa ba. Dankali na cikin amfanin da ke jure tsami, kuma idan pH ya hau, cutar da ke sa fatarsa kirci ta fi samun wuri.

An zuba kashin kaji yau, mako biyu kafin shuka, domin ɗanyensa yana ƙona tsiro. Adadin da muka zaɓa tan 5 ne a hekta. A nan ne muka fara ganin girman matsalar da ta kawo mu. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, tan 5 kilo 5,000 ne, wato rabin kilo a kowane murabba'in mita, kilo 4.5 a yanki, kilo 2.25 a yankin rabi da rabi. Lissafin bai wuce layi uku ba, amma amsoshin da aka kawo sun fara daga giram 45 har kilo 450. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko buhu tara na taki zai shige fili mai taku huɗu. Daga yau dokar aiki ita ce, kowace lamba a rubuta ta da ma'auninta a gefe, kuma kafin a miƙa amsa a kwatanta ta da abin da ido ke gani.

6 ga Mayu

An kafa ma'aunin ruwan sama guda biyu. Kayan haɗi: mazurari mai faɗin baki santimita 10, kwalbar lita ɗaya, da guntun bututun roba da aka binne don kwalbar ta zauna a ciki kada iska ta kayar. Bakin mazurari santimita 30 daga ƙasa, a miƙe, an gwada da ma'aunin magina. Nisansa daga bango ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayin abin.

Girman bakin mazurarin 3.142 sau 5 sau 5 ne, murabba'in santimita 78.5. Saboda haka milimita ɗaya na ruwan sama zai tara mililita 7.85 a kwalba. Wanda ya juye ruwa a silinda ya sami mililita 157, ya raba da 7.85, ruwan milimita 20 aka yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa 10 a gurbin 5, wato faɗin baki a maimakon rabinsa, sai amsa ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya ja hankalin aji shi ne jin cewa milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Yankunanmu 12 murabba'in mita 108 ne, ruwan milimita 20 a kansu lita 2,160 ke nan, jarka 108 mai lita 20. Jos na samun wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba. Ana karantawa ƙarfe takwas na safe kullum, har Asabar da Lahadi, yara biyu da ke zaune kusa da makaranta ne ke da ƙarshen mako.

16 ga Mayu

An yi shuka. Kunya huɗu a kowane yanki, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 30 tsakanin iri da iri, zurfin santimita 8 zuwa 10. Iri 10 a kunya, 40 a yanki, 480 gaba ɗaya, kilo 24 idan aka ɗauki giram 50 kowanne. A wannan tazara hekta za ta ɗauki tushe 44,444. Kunyoyin sun gitta gangare, ba su bi shi ba, don kada ruwan Agusta ya kwashe ƙasar.

Irin Nicola ne, wanda manoman Filato suka daɗe da sani. An zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai gajeren tsiro kakkaura. Wanda ya yi dogon farin tsiro saboda ajiya cikin duhu an ware shi, domin yana karyewa wajen rufewa. Ba a yanka ko ɗaya ba: a jiƙaƙƙiyar ƙasa yankakken iri na ruɓewa, wuƙa kuma na ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Wanda ke neman iri mai tsafta ya fara tambaya a reshen binciken dankali da ke Kuru, na cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke da hedikwata a Umudike ta jihar Abiya.

NPK a kan kilo 600 a hekta: giram 60 a murabba'in mita, giram 540 a yanki, giram 13.5 a kowane tushe. An zuba shi a ɗan rami santimita 5 daga irin, ba a bari ya taɓa shi ba. Malamar Kemistiri ta kawo buhun cikin aji. Lambar farko kashi 15 cikin ɗari ce ta naitirojin, giram 81 a cikin 540. Sauran biyun kuwa ba fosfaras da fotasiyam tsantsa ake nufi ba, P₂O₅ da K₂O ne. Fosfaras 62 ne cikin 142 na nauyin P₂O₅, fotasiyam 78 cikin 94 na K₂O, don haka abin da yanki ya samu wajen giram 35 ne na fosfaras da 67 na fotasiyam. Lissafin kason nauyin sinadari ke nan da suka yi a zango na ɗaya. Waɗanda suka gane shi da kansu ba su da yawa, amma da aka nuna musu, aji ya yi sauran cikin minti goma.

A Bayoloji an raba wa kowane benci dankalin Turawa ɗaya da na Hausa ɗaya. Na Turawa kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, idanunsa ne shaida, daga nan reshe ke fita. Na Hausa saiwa ce, danginsu ma ba ɗaya ba. Na Turawa ɗan'uwan tumatir ne da tattasai da gauta, shi ya sa muka tabbatar ba a noma ɗayansu a filin nan bara ba, cututtukansu ɗaya ne.

23 ga Mayu

'Yan aji uku suna jarrabawar WAEC, ɗakin gwaje-gwaje na hannunsu, don haka malamin Fizik ya fito da risho da tukunya ƙarƙashin rumfa. Aikin shi ne a tafasa ruwa a karanta ma'aunin zafi. Da farko an tsoma kowane ma'auni cikin dakakkiyar ƙanƙara mai narkewa, wanda bai nuna sifili ba aka ajiye shi. Sannan aka riƙe shi cikin ruwa mai tafasa, ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba.

Ma'aunin ya tsaya wajen 96. Da aka karɓi littattafai, sama da rabin aji 100 suka rubuta. Sun ga 96 da idonsu, suka goge, suka sa abin da suka haddace, don tsoron kada a ci su maki. Wannan shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya cikin duk abin da muka gani tun farkon zango. Yaron da ke gyara abin da ya gani don ya dace da littafi ya rasa tushen kimiyya, ko da ya sami A1. Kuma haka aka horar da su: shekara da shekaru ana ba da maki ga amsar da ake jira, ba a tambayar me aka gani.

96 ita ce gaskiya a Jos. Garin na kan tudu sama da mita 1,200 daga doron teku, matsin iska a nan bai kai na Legas ba, don haka ruwa na tafasa kafin ya kai 100. Shi ya sa wake ke ɗan daɗewa a kan wuta a nan. Malamin Labarin Ƙasa ya ɗora daga inda aka tsaya: zafi na raguwa da wajen digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000. Abuja ba ta kai mita 500 ba, a lissafa bambancin, za a sami kusan digiri 5. Dankalin Turawa na zuba 'ya'ya sosai idan dare na da sanyi, tsakanin digiri 15 da 20, idan ƙasa ta yi zafi sai ya yi ta ganye babu komai a ƙasa. Asalinsa ma daga tsaunukan Andis ne na Peru da Bolibiya. Wannan ne ya sa Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ke cika kasuwannin ƙasar nan da shi.

An canza tsarin ba da maki na aikin gaba ɗaya. Maki na kan rubuta abin da aka gani, da biro, ba gogewa. Wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya rubuta gyara a gefe. Amsar da ta saɓa wa littafi tana samun cikakken maki idan mai ita ya kawo bayani.

4 ga Yuni

Tsiro ya fito a yawancin ramuka. An ƙirga kowane yanki, an mai da shi kashi cikin ɗari na 40. Inda bai fito ba an tona: mafi yawa iri ne da aka binne da zurfi fiye da kima, kaɗan kuma sun ruɓe a layin ƙasa inda ruwa ya kwanta. An buɗe magudana a nan. Ba a cike gurbi ba, don sabon iri zai kasance baya da kusan mako uku, ya ɓata kwatance.

A kowane yanki an ɗaura zare a tushe biyar daga kunyoyin tsakiya, su kaɗai za a riƙa auna tsayinsu duk Laraba, daga saman kunya zuwa kan toho.

Malamar Kwamfuta ta fara shigar da bayanan ruwan sama a Excel. Matsala biyu. Wanda ya rubuta 12mm a gida ɗaya, manhajar na ɗaukarsa rubutu, ba ta tara shi. Ma'auni a kan jeri ake sa shi, lamba kaɗai a ƙasa. Na biyu, ranar da ba a yi ruwa ba sifili ce, ranar da ba a karanta ba kuwa gida ne da za a bari babu komai. Wajen fitar da matsakaici manhajar na lissafa sifili, tana tsallake gidan da ba komai, don haka haɗa su na canza amsa.

13 ga Yuni

An yi noma da huɗa. An jawo ƙasa da fartanya zuwa gindin kowane tushe har kunya ta kai wajen santimita 25. Dankalin da rana ta taɓa yana yin kore, yana tara solanin, mai ɗaci ne kuma guba ne, ba a ci ba a ba dabba. Bambanci ya fara bayyana: yankunan da ba taki gajeru ne, ganyensu na ƙasa ya yi rawaya, alamar ƙarancin naitirojin.

20 ga Yuni

Ɗakin gwaje-gwaje ya dawo hannunmu na ɗan lokaci kafin NECO. Bayoloji da Kemistiri sun haɗa darasi biyu a jere don gwajin osmosis, yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi kaɗan.

Mol ma'aunin yawan sinadari ne a Kemistiri, kuma nauyin mol ɗaya na sukari giram 342 ne. Don samun mililita 100 mai ƙarfin mol ɗaya a lita, a auna giram 34.2, a narkar da shi a ɗan ruwa, sannan a ƙara ruwa har ya kai alamar 100. Rukunin da ya zuba mililita 100 na ruwa a kan sukarin ya sami abin da ya wuce alama, ruwansa ya yi rauni. Daga wannan aka tsarma sauran, 0.2 da 0.4 da 0.6 da 0.8, kowanne mililita 20, na 0.4 misali, mililita 8 na mai ƙarfi da 12 na ruwa. Kofi na shida ruwa ne zalla.

An fere dankali, an huda shi da bututun huda toshiya, an yanka tsawon santimita 4, an goge da takarda, an auna nauyi, an jiƙa awa ɗaya, an sake gogewa an auna. Wanda bai goge na biyu ba, ruwan da ke manne a jiki ya auna. Na cikin ruwa zalla ya ƙara nauyi ya yi tauri, na cikin mai sukari da yawa ya ragu ya yi laushi yana lanƙwashewa. Tunda yankakkun ba su fara da nauyi ɗaya ba, canjin kashi cikin ɗari ake zanawa: a cire nauyin farko daga na ƙarshe, a raba da na farko, a ninka da 100. Layin ya ratsa sifili kusa da 0.3, wato can ne ƙarfin ruwan kofi ya yi daidai da na cikin dankali.

Sai malamar Bayoloji ta tambaya me ya sa ba a bar taki ya taɓa iri ba ranar shuka. Wata yarinya a bencin baya ta ce, Malama, ai takin zai zuƙe ruwan jikinsa kamar na cikin kofin nan. Irin wannan amsa muke nema tun watan Afrilu, kuma ba a taɓa faɗa musu ita ba.

1 ga Yuli

Kwana da kwanaki ana yayyafi, gari a lumshe, ganye ba ya bushewa sai wajen azahar. Jiya aka ga tabo a layin ƙasa: launin ƙasa-ƙasa mai duhu kamar an zuba ruwan zafi, yana farawa daga gefen ganye, da safe kuma bayan ganyen akwai farin gashi-gashi a kewayen tabon. Cutar ƙonewar ganye ce, wadda ƙwayar cuta mai suna Phytophthora infestans ke kawowa, babbar abokiyar gabar mai dankalin damina a Filato. Kada a rikita ta da ɗayar cutar mai tabo busasshe da zobe cikin zobe, wadda ta fi kama tsofaffin ganye kuma ba ta da sauri. Cutar ƙonewar ganye kuwa idan yanayi ya ba ta, mako ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta cinye gona, ruwa kuma ya wanke ƙwayoyinta zuwa cikin kunya 'ya'yan su ruɓe.

Ita ce ta lalata dankalin ƙasar Ailan daga 1845, yunwa ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wasu da yawa suka yi hijira. A Birtaniya ana gargaɗin manoma idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, danshin iska kuma ya kai kashi 90 cikin ɗari na aƙalla awa shida kowace rana. Yara sun haɗa ma'aunin danshi da ma'aunin zafi biyu, ɗaya an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da safiyar yau tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai digiri ɗaya ba, iska ta ƙoshi da ruwa ke nan.

An tsinke ganyen da suka kamu cikin leda, an binne nesa da gona. Feshi za a yi wa yankuna 12 duka, rana ɗaya, adadi ɗaya; idan aka fesa wasu aka bar wasu, gwajin taki ya tashi. Kafin a haɗa magani an cika famfon feshi da ruwa zalla aka bi filin da tafiyar da za a yi, aka auna abin da ya ragu, don a san lita nawa filin ke ci. Sannan lissafi: idan takardar jikin magani ta ce kilo 2.5 a hekta, giram 0.25 ne a murabba'in mita, giram 27 a namu 108. Masu auna magani da murfin kwalba ko cokali su ne ke ƙona ganye ko su yi feshin banza.

Yara sun yi lissafi, amma babu ɗalibin da ya taɓa magani. Babba ne ya fesa bayan an tashi, da safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, iska na bayansa. An fara da mai haɗin metalaksil da mankozeb, wanda ke shiga jikin shuka. Na gaba bayan kwana bakwai mankozeb zalla ne, shi a saman ganye yake zama, ruwa mai ƙarfi na wanke shi, dole a jiƙa har bayan ganye. Ba a maimaita metalaksil a kai a kai, cutar na sabawa da shi.

Tushe biyu sun yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe. An yanke karan ɗaya aka rataya shi cikin gilashin ruwa mai tsabta. Da cutar yaushi ta bakteriya ce, cikin 'yan mintuna za a ga farin zare kamar madara yana saukowa daga bakin yankan. Ruwan bai canza ba, da aka tona kuma aka sami tsutsa ta ci karan daidai fuskar ƙasa.

9 ga Yuli

Rukuni huɗu sun je kasuwar Farin Gada da malamin Tattalin Arziki da malamar Hausa, ɗauke da sikelin rataye. Kafin a fita an yi musu bita: a fara da sannu da kasuwa Baba, ko Hajiya, ko Mama, a faɗi daga inda aka zo, a nemi izini kafin a taɓa kayan mutum ko a ɗauki murya. Sun auna bokiti da kwando a wurin masu sayarwa daban-daban, suka tarar bokiti ɗaya nauyinsa ya danganta da tozon da aka yi masa da girman 'ya'yan. Sai da aka mai da kowane farashi zuwa na kilo ɗaya sannan kwatance ya yiwu. 'Yan kasuwar sun yi musu bayanin abin da littafi ke zanawa da layi biyu masu gittawa, na yawan kaya da na bukatar masu saye: sabon dankali na shigowa daga Bokkos da Mangu farashi zai faɗi, saboda kowa na son rabuwa da nasa kafin ya ruɓe, bayan watanni kuma ya tashi.

Kowane rukuni zai rubuta hirarsa da daidaitacciyar Hausa, da baƙaƙe masu lanƙwasa da rabon kalmomi yadda ya kamata, sannan ya kai wa malamin Turanci taƙaitaccen rahoto na shafi ɗaya.

A Tarihi an bi sawun kududdufan da ake noman rani da ruwansu a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Ramukan haƙar kuza ne. Mutanen ƙasar nan sun san kuza suna narka ta tun kafin zuwan Turawa, amma kamfanonin Ingila ne suka buɗe haƙa mai yawa a farkon ƙarni na 20, har aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan. An ba yara aikin tambayar dattawan gidajensu yadda kakanninsu suka zo Jos. Ba za a kai aji bakin kududdufi ba, suna da zurfi, gaɓarsu kuma a tsaye take.

Malamin Addinin Musulunci ya ɗauko zakkar amfanin gona: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, idan ya kai nisabi, wato wusƙi biyar. A mazhabar Malikiyya ba a fitar da ita daga kayan lambu irin dankali, sai dai kuɗinsa idan ya kai nisabi ya shekara; Imam Abu Hanifa kuwa yana ganin ta a duk abin da aka noma.

17 ga Yuli

Cutar ta tsaya a layin ƙasa, ba ta hau ba, amma Agusta na gaba kuma shi ne mai ruwa, feshi zai ci gaba duk mako. Furanni sun fara zuba. An tona tushe ɗaya daga kunyar gefe, 'ya'yan sun fara girma, fatarsu na salewa da yatsa, ba su nuna ba. An ɗiga aidin a yankakken ɗaya ya koma shuɗi mai duhu, shaidar sitaci.

Kwana 90 daga shuka zai faɗa 14 ga Agusta, cikin hutu. An rubuta wa iyaye takardar neman izini, an kuma raba jadawalin masu karanta ruwan sama har ranar. Za a yanke ganye kwana 10 zuwa 14 kafin haƙa, don fata ta yi ƙwari kuma ƙwayoyin cuta kada su taɓa 'ya'yan. Feshin ƙarshe zai bi tazarar kwanakin da takardar magani ta gindaya kafin girbi.

Ba ɗaukacin kowane yanki za a auna ba. Kunyoyi biyu na tsakiya kaɗai, a cire tushen farko da na ƙarshe, saura tushe 16 a kan murabba'in mita 3.6, domin na gefe suna samun haske da takin maƙwabta. Kilon da aka samu a raba da 3.6 a ninka da 10, ya ba da tan a hekta. Za a ware manya da ƙanana da ruɓaɓɓu da masu kore, kowanne da nauyinsa.

Fizik na da sauran aiki ɗaya, ka'idar Arkimidis. A auna kilo 5 na wankakken dankali a iska, a sake auna shi a nutse cikin ruwa a raga. Idan ya nuna giram 370 a ruwa, a raba 5,000 da 4,630, a sami 1.08, yadda lambar ta hau haka sitaci ya yi yawa, kuma irinsa masu suya ke so. Ana bukatar sikelin da ke karanta giram, namu na rataye rabin kilo yake tsallakawa, don haka za a aro kafin ƙarshen wata. Rahoto na gaba ranar yanke ganye, 2 ga Agusta in Allah ya kai mu.